Babin Da Na Tsallake

Sallama gare ku, musamman ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Auta, shiru muka ji, ko an ɗaura ne ba gayyata?" Ba a ɗaura ba. Ku kwantar da hankalinku, ranar da za a ɗaura ku ne za ku fara ganin hoton takalmi. Abin da ya hana ni rubutu kwanakin nan ba biki ba ne, wata magana ce da na rasa ta inda zan ɗauko ta. Yau dai na dawo daga aiki, na zauna a bakin gado, na ce ko ta ƙarshe ce sai na ɗauko ta.

Ga sababbin zuwa: ni ce auta a gidanmu, nas ce ni a sashen maza na wani asibiti, kuma akwai wani likita a wurin aikinmu da yake nemana. A gida Mai Littafi ake ce masa. Yayana ne ya raɗa masa sunan, domin tun da ya fara zuwa bai taɓa riƙo turare ko cakulan ba. Ranar farko littafi ya kawo min a kan yadda wata ƙasa ta rage layin ganin likita. Zuwa na biyu, littafi a kan yadda magani ke ɓacewa tsakanin motar da ta ɗauko shi da kantar asibiti. Na uku a kan ƙananan asibitocin ƙauye ne. Ƙawayena ana kai su shan askirim, ni ana tambayata, "Sista, kin kai ina?"

Na yi niyyar sallamarsa, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya cece shi fensir ne. Yana rubutu a gefen shafi, kuma a wani wuri da aka jera lissafi har shafi ya cika, sai na ga ya rubuta, "Nan na yi barci. Ke ma ki yi." Na yi dariya ni kaɗai har Umma ta leƙo ta ga ko lafiya. Daga ranar na fara jiran zuwansa, har da littattafan.

Sai a watan jiya ya kawo nasa. Nasa na kansa, mai shuɗin bango, da hoton dogon bencin asibiti babu kowa a kai. Ya miƙo min yana kallon ƙasa kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

Umma ta fi ni son sa. Ta ce ga natsuwa, ga kunya, ba ya ɗaga murya, ba ya barin abinci a faranti. A da tana cewa in bi a hankali, in yi bincike. Yanzu kuwa ita ce mai gaggawa, so take a yi komai kafin wata biyu. Dalilin gaggawar shi ne abin da na kasa rubuta muku.

Baba yana da ciwon daji a ciki, kuma bai sani ba.

Wannan ne karo na farko da na rubuta shi haka a fili. Likitan da ya duba shi a wani asibiti daban, shi ya ja Yaya gefe ya faɗa masa a baranda. Yaya ya faɗa wa Umma. Umma ta zauna a kan buhun shinkafa a kicin ta ce ba mai faɗa masa. Ta ce mahaifinta da aka faɗa wa nasa ciwon, daga ranar ya juya fuskarsa bango, bai ƙara neman abinci ba, bai ƙara tambayar jikokinsa ba. "Na gani da idona," in ji ta. "Ba zan sake gani ba." Ba wanda ya iya yi mata musu, ni ma ban yi ba.

Shi ke nan ciwon Baba ya zama olsa. Muna da guruf na gida a waya wanda Baba yake ciki, ana tura gaisuwar safiya da hoton jarirai. Sai Yaya ya buɗe wani, ya sa masa suna "Mu Kaɗai". A can ake maganar gwaji da allura da ranar komawa asibiti. Kowa da aikinsa. Yaya ne mai tare likita a ƙofa kafin ya shiga. Umma tana kai wa tela wandunan Baba a ɓoye ana rage su, don kada ya lura da ramar da yake yi. Ni kuwa da na yi karatun jinya, aikina shi ne in jiƙa kwalaben magani a ruwan ɗumi in ɓare takardar jikinsu, in juye ƙwayoyin cikin 'yan robobi marasa suna, in yayyaga takardar bayani in kai bolar waje.

Yanzu ku ji abin da nake yi a wurin aiki. A sashenmu aka fara gwada sabon tsarin da Mai Littafi ya daɗe yana faɗa a kai. Mun daina tsayawa a bakin ƙofa muna raɗa a kan mara lafiya yana kallon bakinmu daga nesa. A gefen gadonsa muke tsayawa, shi muke fara yi wa magana. Tambayoyi uku ne: me ka sani game da ciwonka, me kake so ka sani, wa kake so ya zauna kusa da kai idan za a faɗa maka. Wani yakan ce, "Ni ban son ji, ku faɗa wa ɗana," sai a bi abin da ya ce. Amma shi ne zai ce, ba mu ba. Shugabar nas-nas har misali take yi da ni wajen iya tambayoyin nan. Da safe in yi su da murmushi, da yamma in dawo gida in ɗora ruwan ɓare takarda. Kunya nake ji, kuma ba ta hana ni yi.

Baba tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne, a ɗakin haɗa sauti ya yi rayuwarsa. Idonsa ya yi yana, ba ya ganin rubutu. Yana wuni a falo a doguwar kujerar da ke jikin taga, da bargo a ƙafarsa, tsohon rediyonsa kuma yana zaune a gefensa kamar mutum. Wurin rediyon ke nan. Ko baƙo ya zo, sai dai a kawo masa wata kujera, ba a ɗaga rediyon Baba.

Da ya ji labarin littafin sai ya ce, "Uwata, wanda zai ɗauke min ke, bari in ji me ke cikin kansa." Uwata yake ce min saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Tun daga nan kullum in na dawo aiki, in na yi wanka, sai in zauna a ƙasa in jingina da kujerarsa in karanta masa.

Ba ya saurare shiru, gardama yake yi da littafin. A babin layi ya ce, "Yaron nan bai taɓa tsayawa a layi da zazzaɓi a jikinsa ba, amma ya yi ƙoƙari." A babin magani ya ce in maimaita masa wani sakin layi, ya jinjina kai ya ce, "Nan ya taɓo su." Rabon da in ga Baba da kuzari haka tun kafin ya kwanta.

Ranar Talata muka gama babi na uku. Na juya shafi, idona ya sauka a kan taken babi na huɗu: mai ciwo shi ne ya fi kowa haƙƙin jin labarin ciwonsa. Ya buɗe da labarin wani tsohon direba da 'ya'yansa suka ce masa basir ne. Na karanta layin farko da ido kawai. Na ja numfashi, na yi tarin da ba na ji, na ɗauki kofi na sha ruwa. Da ɗayan hannun na kama shafukan gaba ɗaya na juye su a hankali yadda ba za su yi ƙara ba, na fara babi na biyar a kan albashin ma'aikata da gajiyarsu.

Ban yi nisa ba na ji bakina yana cewa, "Kamar tsohon direban nan da muka gani a baya." Na riga na faɗa kafin in gane. Na saci kallon Baba. Idonsa a lumshe, ya ɗan karkata kai gefe. Na ce a raina ya fara gyangyaɗi, Allah Ya rufa asiri.

Washegari Umma ta kira ni ɗakinta. Ta baje yadudduka a kan gado, ruwan zuma, ruwan toka, da wani kore mai ƙyalli da na tsana tun daga ƙofa.

"Rufe ƙofar," ta ce. "Ranar Asabar likitanki zai zo ya gaida Babanki a zaune, ba irin gaisuwar tsaye da ya saba ba. Daga nan sai manyansa."

"To, Umma."

"Kin san halin Babanki. Ko mai gadin asibiti ya gani sai ya tambaye shi ra'ayinsa a kan ciwonsa. Balle likita ya zauna masa a falo." Ta ɗaga koren ta kara a kafaɗata, ta ajiye. "Ki faɗa masa olsa ce. Ya yi miki alkawari."

"Umma, ba lallai ya yarda ba."

"Don me? Kalma ɗaya ce."

"A kan wannan ya rubuta littafi."

"Littafi." Ta dube ni sama da ƙasa. "Littafin ne zai kwana da shi in ya daina cin abinci? Ni ba na karatu irin naku, Auta, amma shekara nawa ina kallon fuskar mutumin nan. In likitanki ba zai iya riƙe bakinsa na awa ɗaya saboda mu ba, to ya riƙe ƙafarsa. Ba ni da 'yar ba shi."

Na murza bakin mayafina. Don in kawar da maganar na ce, "Baffa fa? Za a gaya masa zancen bikin?"

Baffa ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sun yi shekaru ba sa magana, kan wata kalma da aka yi ranar rasuwar Kaka, wadda yanzu ba wanda zai iya maimaita maka ita daidai.

Umma ta taɓe baki. "Na yi wa Babanki maganar. Ya ce shi ne babba, ƙarami ne zai tako. Wai ba inda za shi, yana nan yana jira." Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, sai ta juya tana ninke yadin da ta riga ta ninke.

Na koma ɗakina na ɗauki waya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge.

Ni: Likita, alfarma nake nema.

Shi: An yi, in dai ba cewa za ki yi in taƙaita miki babi na biyu ba.

Ni: Ranar Asabar in Baba ya tambaye ka ciwonsa, ka ce olsa ce.

Ya ga saƙon. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Ya san halin da ake ciki tun farko, ni na faɗa masa, kuma bai taɓa yi min wa'azi a kai ba.

Shi: Ba zan ɗauko maganar ba. Ba majinyacina ba ne, ba hurumina ba ne. Zan yi masa hirar rediyo har ya gaji.

Ni: In ya tambaya fa?

Shi: In ya dube ni ya tambaya, ba zan ce masa olsa ba.

Ni: Ko don ni?

Shi: Mu yi magana gobe, Sista. Wannan ba ta waya ba ce.

Na kife wayar a kan filo. Haushi na ji, irin wanda kake ji in mutum ya ƙi taya ka abin da kai ma ka san ba daidai ba ne.

Washegari da rana na same shi a matakalar bayan ɗakin magani, inda yake ɓuya ya ci biskit. Rigarsa ta aiki a yamutse, biro ya zubar masa da tawada a aljihu. Ya matsa min, na ƙi zama.

"Da mahaifinka ne, haka za ka ce?" na tambaye shi.

"Ban sani ba," ya ce. "Rubutawa ta fi sauƙi, na yarda. Wataƙila da nawa ne, da ni ne mai ɓare takardar."

Ban zaci wannan ba, sai na rasa inda zan sa faɗan da na taho da shi.

"Zan iya cewa ya tambayi likitansa," ya ci gaba. "Zan iya cewa ya tambaye ku. Amma Baba ba yaro ba ne, yana jin haka ya gama ganewa. Ko kuma in ƙi zuwa, ki ce aiki ya riƙe ni."

"In ba ka zo ba Umma za ta san dalili. In ka zo ka faɗa, ba za ka sake taka gidan ba."

"Na sani."

"Kuma ka yarda ka rasa ni a kan kalma ɗaya."

Ya daɗe yana juya ledar biskit ɗin. "Ban yarda ba. Tsoro nake ji tun jiya. Amma in na zauna a gabansa ranar farko na yi masa ƙarya a kan ransa, da wane ido zan ce ya ba ni ke?"

Na juya na tafi. A "Mu Kaɗai" Yaya ya tambaya, "Auta, ya yi alkawarin?" Na rubuta, "Zai zo." Umma ta turo hoton hannu biyu na addu'a. Ban gyara musu fahimta ba.

Ranar Asabar Umma ta sauya rigunan filon kujeru, ta fito da kofunan gilashin da ke cikin kabad tun ina firamare. Ta sa wa Baba farar riga da wandon da tela ya kawo shekaranjiya. Ni na sa doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi mai laushi da ya ƙi zama a kaina, da 'yan kunnen da Baba ya saya min ranar da na gama makarantar jinya. Na shafa hoda sau biyu, gumi yana wanke ta.

Ya iso da kwandon 'ya'yan itace. Yaya ya karɓa ya leƙa ciki ya ce, "Yau ba littafi?"

"Yana mota," in ji shi. "Na ji tsoron shigowa da shi."

Aka kawo masa kujera, ya ƙi, ya zauna a kan darduma kusa da ƙafar Baba. Ni ina bakin ƙofa a rakuɓe. Umma tana bayan labulen da ya raba falo da hanyar kicin, ina ganin yatsun ƙafarta, ina jin cokali yana zagaya kofi.

Suka yi hirar rediyo. Baba ya ba shi labarin ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar labarai, mai karantawa ya ci gaba da karatu a cikin duhu daga ka. Suka koma kan littafi, Baba ya ce masa babin layi da sauran gyara, shi kuma ya amsa laifinsa. Har na fara sakin jiki.

Sai Baba ya gyara zama ya ce, "Likita, ina da tambaya ɗaya da ta daɗe tana cina."

Cokalin Umma ya tsaya. Yaya ya ajiye wayarsa. Na kalli Mai Littafi, ya ɗora hannuwansa biyu a gwiwa, ya ɗago kai ya dubi Baba sosai, fuskarsa ta yi fari-fari.

"Ina ji, Baba."

Baba ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"An ce min akwai benci a bangon littafinka, ba kowa a kai. An sallami mutanen ne, ko gajiya suka yi suka tafi?"

Yaya ne ya fara dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Mai Littafi ya share goshi ya ce, "Ni ma ban sani ba, Baba. Ina jin mai hoton ne ya yi sammako."

"To a bugu na gaba ka sa mutum ko ɗaya ne," in ji Baba. "Don shi aka yi bencin."

Aka sha shayi, aka yi addu'a, Baba ya sa masa albarka. Na raka Mai Littafi mota, ya tafi. Umma kuwa har 'yar waƙa take yi a kicin, ta aika wa Yaya ya fara neman ɗakin taro.

Rana ta yi sanyi, hasken taga ya koma ja. Ina kwashe kofuna Baba ya ce, "Uwata, bar su. Ɗauko littafin."

Na ɗauko, na zauna a wurina, na buɗe inda muka tsaya.

"Ba nan ba," ya ce. "Koma baya, inda kika yanke."

Na kasa ɗago kai.

"Aikina ke nan fa, kin manta? Mutum ya yi doguwar magana, a ce in rage. In yanke nan, in yanke can, in haɗa bakin yadda mai sauraro ba zai ji ba. Abin da ke tona asirin mai yanka numfashi ne. Ranar Talata kin ja numfashin magana mai nauyi, sai ga maganar albashi ta fito. Can kuma wani tsohon direba ya faɗo mana daga sama, wai mun gan shi a baya. Ni dai ban gan shi ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ga wanduna kuma. Ban taɓa sanin wando yana ramewa tare da mai shi ba sai bana."

Hawaye suka fara ɗiga a kan shafin, na sa bakin mayafi ina gogewa don kada takardar ta lalace.

"Me ya sa ba ka tambaye shi ba?" na ce. "Yana zaune a gabanka."

"Na yi niyya. Sai na ji ya daina numfashi, na ji cokalin uwarki ya tsaya. Yaron nan da na tambaye shi, da ba zai ce min olsa ba. Uwarki kuma ba za ta yafe masa ba har ta koma ga Allah, ke ce za ki rayu a tsakaninsu. Ba zan bar miki wannan ba." Ya lalubo kaina ya dafa. "Ke kuwa 'yarta ce. Za ta yi fushi, ta huce."

"Baba, tsoro take ji kada ka juya fuskarka bango."

"Na san abin da take tsoro, ina wurin lokacin mahaifinta. Amma ji nan, Uwata. In olsa ce, ina da lokacin da zan zauna in jira Baffanki ya tako, ko shekara nawa zai ɗauka. In ba ita ba ce, gobe da safe yayanki ya fito da mota, ni zan je. Kin ga ba zan iya sanin wanda zan yi ba sai an faɗa min."

Wayata ta yi motsi a cinyata. Mai Littafi ne: "Alhamdu lillahi bai tambaya ba. Ki huta." Na kife ta a kan darduma.

Ban san lokacin da na gyara zama na fuskanci Baba ba, yadda nake yi a gefen gado a wurin aiki. Cikin tambayoyin nan uku, ta farko ya riga ya amsa ta. Na yi masa ta biyu.

"Baba, me kake so ka sani?"

"Duka. Ba yanka."

"Wa kake so ya zauna kusa da kai in za a faɗa maka?"

Bai yi tunani ba. "Uwarki."

Na miƙe da littafin a hannuna, yatsana a cikin babi na huɗu. Na nufi kicin. Umma tana ɗauraye kofunan gilashi tana jera su a kan tawul.

"Kin gani ko?" ta ce ba ta juyo ba. "Bai tambaya ba. Allah Ya yi wa yaron nan albarka."

"Ya tambaya, Umma. Ni ya tambaya."

Ruwan famfo ya ci gaba da zuba a kan hannunta. Ta juyo a hankali, ta kalli fuskata, ta kalli littafin.

"Me kika ce masa?"

"Ban faɗa ba tukuna. Na tambaye shi wa yake so ya zauna kusa da shi. Ya ce ke."

Ta kashe famfon. Ta daɗe tana goge hannunta da tawul, yatsa bayan yatsa, har bayan sun bushe. Na jira faɗa, na jira ta ce in kira Mai Littafi in ce masa kada ya sake dawowa.

"Ni da ke da likitanki, akwai zama," ta ce a ƙarshe. "Ba yau ba."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta wuce gabana. A bakin labulen ta tsaya, har na zaci za ta juyo. Sai ta ɗaga shi muka shiga.

Baba ya riga ya sauke rediyon ƙasa, ya bar mata wurin.